Tsakanin .270, .308 da 6.5 Creedmoor: amsa ga mai son raifil guda ɗaya

Wani ƙaninmu ɗan kasuwa daga Agege ne ya turo tambaya. Ya ce yana fita Afirka ta Kudu harkar kaya, abokan hulɗarsa na can sun ɗauke shi gona farauta, abin ya shiga ransa, yanzu so yake ya nemi lasisi ya mallaki raifil guda ɗaya da zai riƙa harbin tageti da ita kuma ya yi farauta da ita. To an ruɗa shi, wani ya ce .308, wani ya ce .270, yaran YouTube kowa 6.5 Creedmoor yake kira, wani Bature kuma ya ce masa ya sayi .375 ya huta. Wanne zai ɗauka?

To ƙanena, amsa a gajarce: in bindiga ɗaya ce kuma a Najeriya za ta zauna, .270 Winchester, sannan ka nemi hanyar yin atisaye da .22. Amma bari in faɗa maka dalili, don in ka ji dalilin ko gobe aka zo maka da wani sabon suna ba za ka ruɗe ba.

Kafin a yi maganar gudun harsashi ko nisan da yake ci, doka ta riga ta share maka rabin jerin nan. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda ake aiki da ita tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, akwai na ƙashin kai waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisi, sai kuma irin su bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, su kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha ne. A cikin haramtattun nan dokar ta ambaci raifil na soja ta kira kaliba ɗinsu, wato faɗin bututunsu, da suna: 7.62mm, 9mm, .300 da .303. Sannan ta ce raifil ta farauta ita ce wadda kaliba ɗinta ba ya cikin waɗannan. To ka ga matsalar? .308 Winchester ɗin da ake ta yaba maka, tagwayen 7.62x51 ne na sojojin NATO, Winchester ta fitar da shi kasuwa a 1952, NATO ta ɗauke shi a 1954. Shi ma .30-06 faɗin bututunsa .300 ne, wato 7.62mm, kuma asalinsa harsashin sojan Amurka ne na 1906. .303 kuwa ai ba sai an faɗa ba, shi ne na tsohuwar bindigar nan da dattawa suka sani a hannun 'yan sanda da sojoji tun zamanin Turawa. Duk kyawunsu, ba su ne za ka rubuta a fom ɗinka ba. Mutanen Amurka da Afirka ta Kudu da ke ba ka shawara ba su san da wannan ba, su dokarsu daban ce.

Shi kansa lasisin ba abu ne mai sauƙi ba, kuma a shekarun nan an sha dakatar da bayar da shi saboda halin tsaro, don haka matakin farko shi ne ka je hedikwatar 'yan sanda ka ji inda aka tsaya, da kanka, ba ta hannun wani mai cewa "ni na san hanya" ba. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar ido, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Ko bindigar iska ma tana cikin masu buƙatar lasisi, mutane da yawa ba su sani ba. Harsashi kuma shi ma sai ta hannun dila mai rajista. Kuma don Allah ka tuna a ina kake zaune. Abin da ya faru a Uromi a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida bayan an ga bindigogin farauta a motarsu, ya isa ya nuna maka cewa Bahaushe da bindiga a hanyar Kudu ba ƙaramin al'amari ba ne ko da takardunsa sun cika. Wannan ma yana cikin lissafi, shi ya sa zan dawo kan maganar hayar bindiga a can ƙasa.

Yanzu lambobin. Lambar farko faɗin harsashi ce ko faɗin bututu, a inci ko a milimita, sunan da ke biye kuma yawanci kamfanin da ya ƙirƙira ne. In ka ga 7x57, faɗi milimita 7, tsawon kwanso milimita 57. Nauyin dalmar kuma da giren ake auna shi, giren 150 ya kama giram 9.7 ke nan. Abubuwa uku ne kawai suka bambanta harsasai: faɗi, nauyi, da yawan alburushin da kwanson ke ɗauka. Da yawansu ma 'yan gida ɗaya ne, .243 kwanson .308 ne aka matse wuyansa, .270 kuma daga gidan .30-06 ya fito.

Abin da masu tallan harsashi ba sa son tsayawa a kai shi ne shuri, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa in ta tashi. Duk abin da ya tura dalma gaba sai ya turo bindiga baya, dalma mai nauyi da alburushi mai yawa a bindiga mara nauyi, kafaɗarka ce za ta biya. Kuma ba zafin ne matsalar ba, namiji zai ce ai zan daure, kuma zai daure ɗin, amma jikinsa ba zai daure ba. Bayan harbi kaɗan ƙwaƙwalwa ta koyi cewa in yatsa ya matsa kunama duka na zuwa, sai ta fara kare kanta kafin harsashin ya fita, ido ya rufe, kafaɗa ta turo gaba, bakin bindiga ya nutse ƙasa, kuma mutum bai san yana yi ba, sai dai ya ce madubin saitin da ke kan bindigar ne ya goce. Ga yadda muke kama wannan a filin harbi: mai harbi ya juya baya, abokinsa ya ɗura masa bindiga, wani lokaci da harsashi wani lokaci babu komai, ya miƙa masa bakinta na kallon tageti. Sai ya kwanta ya yi saiti ya matsa. Ranar da babu komai a ciki za ka ji ƙas kawai, amma ka ga babban mutum ya runtse ido ya yamutsa fuska, bakin bindigar ya yi ƙasa kusan faɗin hannu, shi kansa sai ya ɗago yana dariya don kunya. Wannan motsin a mita 100 shi ne bambancin tsakanin huhu da ƙafar dabba. Ka gwada wannan da .375 ka gwada da .243, kai da kanka za ka ba kanka amsa.

Don ka samu ma'auni: in aka ɗauki bindigogi masu nauyi kusan ɗaya, shurin .243 kusan rabin na .30-06 ne, 6.5 Creedmoor ya ɗan fi .243, .270 da .308 suna kusa da juna a ƙasa da .30-06 kaɗan, .375 kuma ya kusa ninka .30-06 sau biyu. Yawancin mutane iyakar abin da suke iya harbawa da kyau na tsawon yini bai wuce .30-06 ba, sabon hannu kuwa ƙasa da haka.

Shi ya sa nake cewa duk wanda yake son harbin tageti da gaske, .22 LR ce makarantarsa. Tsohon harsashi ne, tun 1887, dalmarsa giren 40, ba shuri, ƙara kaɗan, kuma babu harsashin da ya kai shi araha a duniya. Da kuɗin kwali ɗaya na .270 mai guda 20 za ka sayi na .22 masu yawan gaske, kuma hannu da yawan harbi yake gyaruwa ba da tsadar bindiga ba. Gasar Olamfik ta raifil a mita 50 da shi ake yi, ta mita 10 kuma da bindigar iska mai 4.5mm. A daji yana ɗaukar zomo da gafiya da gyazbi a mita 50 ko 60, iyakarsa ke nan, kada wani ya ce maka ya taɓa kayar da barewa da shi, ya yiwu ya kayar, amma ka tambaye shi nawa suka gudu da rauni. Kuma kada ƙanƙantarsa ta yaudare ka, in ya tashi sama yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi, manyan kuwa kilomita uku zuwa huɗu. A yankin Legas da Ogun inda gona ke manne da gari, in babu tudun ƙasa a bayan abin da kake harbi, ba ka da wurin harbi.

.243 Winchester ya fito a 1955. Dalma giren 100 tana fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, tana tafiya a miƙe, ba ta dukan kafaɗa. Ga gada, ga mazo, ga barewa, ga dangin barewa irin su impala da sifirinbok na can Afirka ta Kudu, ya wadatar ƙwarai. In da za ka ce min iyakar farautarka ke nan, da shi zan ce ka ɗauka ba .270 ba. Matsalarsa biyu: a kan babbar dabba kamar gwanki ko kudu, wata babbar dabba dangin gwanki ta can Afirka ta Kudu, dalmar ta yi ƙarama, in ta haɗu da ƙashin kafaɗa ba lallai ta kai ciki ba, sannan yana cin bututu da wuri saboda alburushi mai yawa ne ke bi ta ƙaramin rami, mai yawan harbin tageti zai ga saitinsa ya fara watsewa tun kafin mai .308 ya kai rabin rayuwar tasa bindigar.

To ga ukun da ka tambaya. .270 Winchester tun 1925 yake kasuwa, dalma giren 130 tana fita da kusan mita 930 a daƙiƙa, akwai kuma ta giren 150 don manyan dabbobi. .308 da giren 150 yana yin kusan 860. 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, da giren 140 yana yin kusan 820, shi ne mafi sanyin gudu a bakin bindiga. To me ya sa ake ta ihu a kansa? Saboda dalmarsa doguwa ce siririya, tana yanka iska da kyau, ba ta saurin rasa gudu kuma iska ba ta kaɗa ta sosai, don haka in aka je mita 600, 800, 1000, sai ya bar .308 a baya, ga shuri kaɗan. Don gasar harbin nesa aka ƙirƙire shi kuma a nan gwani ne, ba na musu. Ba ma sabon tunani ba ne, mutanen Suwidin da Norwe suna da 6.5x55 tun 1894 kuma da shi suke kayar da dabbobin dajinsu masu girman saniya.

Amma tambayar ita ce, kai a ina za ka harba mita 800? A dajin Kudu maso Yammacin Najeriya ko ka ga dabba bai wuce mita 30 zuwa 60 ba, shi ya sa ma mafarautan nan suke rayuwa da bindiga mai baki biyu. A lardin Limfofo na Afirka ta Kudu inda ƙaya da bishiyoyi suka cika, yawancin harbi ƙasa da mita 120 ne. Sai a fili fetal irin yankin Karu ko hamadar Kalahari na can ne za ka kai 250 ko 300. Kuma a wannan nisan, in ka saita ukun nan a mita 200, bambancin faɗuwarsu a mita 300 bai wuce faɗin yatsu uku ba, .270 ne ma a sama saboda gudunsa. Wurin da kake nema a ƙirjin impala kuwa, zuciya da huhu, ya kai faɗin tafin hannu a buɗe. Dabba ba za ta taɓa sanin da wanne aka harbe ta ba. Rawar hannunka bayan ka yi tafiyar awa biyu a rana ta fi wannan bambancin nesa ba kusa ba.

Da ba don doka ba, gaskiya .308 zan ce maka, ba don ya fi kisa ba, don ana samunsa ko'ina, akwai harsasan atisaye masu araha, bututunsa na daɗewa, masu harbi suna ƙiyasta harbi dubu biyar ko fiye kafin saiti ya fara lalacewa. Amma doka ta cire shi. Saura .270 da Creedmoor, kuma a nan samuwa ce ke yanke hukunci. Harsashin da ya shekara ɗari a kasuwa, kowane kamfani na yinsa, kowace gonar farauta a Afirka ta Kudu da Namibiya in ka bincika durowar maigidan za ka samu kwalinsa. Creedmoor ya yaɗu a Amurka da Turai har da Afirka ta Kudu, amma mu nan da komai sai an shigo da shi da izini da dala, sayen bindigar da dila ɗaya ne tal yake kawo harsashinta kamar sayen motar da babu kayan gyaranta a Ladipo ne, ranar farko kowa zai zo kallo, wata shida tana ƙarƙashin tamfol. Kafin ka rubuta kowace kaliba a fom, ka fara tambayar dila mai rajista me yake iya kawowa a kai a kai. In ya ce .243 kawai, to .243 ɗin ce taka, ka daidaita farautarka da ita.

Akwai wani tsoho da ba ka ambata ba kuma ni ina ƙaunarsa, 7x57 Mauser na 1892. Shi ne Buwa, Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan, suka wahalar da sojan Ingila da shi a yaƙin 1899 zuwa 1902, har Ingilishi suka dawo suna sayar da shi da sunan .275 Rigby. Gudunsa matsakaici ne, dalmarsa doguwa mai nauyi har giren 175, tana shiga ciki sosai, ba ta ɓata nama, shurinsa mai laushi. A daji mai duhu ni na fi son sa a kan .270, don .270 a kusa, mita 40 ko 50, da dalma mara ƙarfi, yana iya dagargaza kafaɗa gaba ɗaya ka ga naman ya yi baƙi da jini ya daskare, rabin cinyar gaba ta tafi a banza. Sai dai samunsa ya fi wuya, shi ya sa bai zama amsata ba.

Shi kuma Baturen da ya ce .375, ba ƙarya ya yi ba, ya dai amsa tambayar da ba ka yi ba. .375 H&H na kamfanin Holland & Holland ne na Landan, 1912, dalma giren 300 a kusan mita 770 a daƙiƙa, kuma a ƙasashen Afirka da yawa shi ne mafi ƙanƙantar abin da aka yarda a tunkari ɓauna ko giwa da shi, wasu wuraren suna karɓar 9.3x62 na Jamus wanda ya fito a 1905. Namibiya ma da ƙarfin harsashi take aunawa da ma'aunin da ake kira jul, jul 1350 ga ƙananan dabbobi irin sifirinbok da gada, 2700 ga manyan dangin gwanki irin su kudu da gemsbok, 5400 ga ɓauna da giwa. .270 ya haye na biyun lafiya lau. Kai kuma ɓauna za ka harba? A Najeriya dai babu wannan maganar, abin da ya rage mana na manyan dabbobi yana Yankari da Gashaka-Gumti da Kainji da makamantansu, kuma farauta a ciki laifi ne, ga dokar kare dabbobin da ke shirin ƙarewa ta 1985 da aka ƙara wa tsanani a 2016. Sayen .375 don impala da tageti kuɗi ne za ka ƙona, harsashi ɗaya ya sayi na .270 biyu ko uku, kuma shi ne zai koya maka runtse idon da na faɗa a sama.

Abin da ya fi sunan kaliba muhimmanci, kuma kusan ba wanda ke tambaya, shi ne irin dalmar da ke kan kwanson. Akwai wadda aka lulluɓe da tagulla har baki, irin ta soja. Ita ba ta buɗewa, don tun yarjejeniyar Heg ta 1899 aka hana harsashi mai buɗewa a yaƙi. Wannan ta tageti ce. In ka harbi dabba da ita sai ta ratsa ta fita da ɗan rami kamar na ƙusa, dabbar ta ruga, jini ba ya zuba a ƙasa balle a bi sawu, ta je ta mutu bayan kwana biyu a inda ba wanda zai ci. Ta farauta bakinta a buɗe yake ko dalma ce a waje ko ɗan roba a tsini. In ka taɓa ganin wadda aka ciro daga ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, za ka ga gabanta ya naɗe baya ya baje ya kusa ninka faɗinsa, tagullar ta tsage ta lanƙwashe, gindin kuma yana nan lafiya, har da ɗan gashi da ƙashi manne a jiki. Haka ake so, ta buɗe amma kada ta tarwatse. Kamfanin Nosler ya fara yin mai shamaki a tsakiya tun 1948 don gaba ya buɗe baya ya ci gaba da tafiya, daga baya aka samu waɗanda aka manne dalma da tagulla, da na tagulla zalla irin na kamfanin Barnes. Ga .270 a kan kudu ko gemsbok, giren 150 mai ƙarfi irin waɗannan, ga impala giren 130 na yau da kullum ya isa. Na gasar tageti kuwa, ko da ka ga ɗan rami a bakinsu, ba don nama aka yi su ba, kada ka kai su daji. Kuma duk lokacin da ka canza nauyi ko kamfani sai ka sake saiti, don ba wuri ɗaya suke sauka ba.

Wannan ya haɗu da addini ma. Ka yi bismilla lokacin da za ka harba, in ka tarar da dabbar da sauran rai ka yanka ta, saboda haka wuƙa mai kaifi tana jikinka ba a mota ba, kuma ka gaya wa mai gonar tun kafin a fita, yawancinsu sun saba da baƙi Musulmi. A Malikiyya farauta don wasa kawai makaruhi ce, ta neman nama ce halal ba tare da ƙyama ba, to ka tabbata naman zai shiga tukunya, naka ko na ma'aikatan gonar. In sun nuna maka mugun dawa suna cewa ga araha, sai ka ce na gode. Sauran bayani malaminka ya fi ni.

Yanzu maganar haya. Tunda a can kake farautar, ni ban ga dalilin da zai sa ka ɗauki bindiga daga Legas ba. Afirka ta Kudu tana ba baƙo izinin shigo da bindiga na wucin gadi, fom ɗin SAPS 520, harsashi bai wuce 200 ga kowace bindiga ba, jiragen sama kuma kilo 5 na harsashi suka yarda, kuma sai ka nuna takardar fitarwa daga ƙasarka da ta gayyata daga mai gonar, sannan ka dawo ka sake shigowa da ita ta filin jirgin Murtala. Duk wannan wahalar alhali kusan kowace gona tana da bindigogin haya da aka riga aka saita, mafi yawa .308 ko .30-06 ko .270, da yawa ma da abin rage ƙara a baki, wanda ke rage shuri shi ma. A can .308 ɗin halal ce gare ka, ka harba abinka. Hasali ma wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa ka zaɓa, ka gwada uku a yini ɗaya kafin ka kashe ko kwabo.

In Allah ya sa lasisin ya fito ka ajiye bindiga a nan, to ka san Legas ba Kano ba ce. Danshi da iskar teku suna cin ƙarfe, bindigar da aka taɓa da hannu mai gumi aka mayar jaka, sati biyu za ka ga shatin yatsa da tsatsa a jikin bututu. Kada ka bar ta cikin jaka mai soso, tana riƙe ruwa. Akwatin ƙarfe mai makulli, a goge da mai, a sa ƙunshin nan masu shanye danshi a riƙa canzawa, harsashi kuma a wani wuri daban mai murfin roba, nesa da yara. Kwanson da ya fara yin kore ko dalmarsa na motsi, a mayar wa dila. Kuma kullum ka karanta abin da aka buga a gindin kwanso ka haɗa da abin da aka buga a jikin bututu, harafi da harafi. .270 Winchester daban, .270 WSM daban, .270 Weatherby daban. 7x57 ba 7x64 ba ne. Mafi haɗari, harsashin .308 yana iya shiga bindigar .270 ya rufu, in aka matsa kunama dalma mai faɗi ce za ta nemi bi ta ƙaramin rami, bindiga na iya fashewa a fuskar mutum. In kuna fita ku biyu da kaliba daban-daban, kowa aljihunsa. Abin toshe kunne kuma ba gayu ba ne, ƙarar raifil ta haura desibel 150, jin da ya tafi ba ya dawowa.

Madubi ma kada ka yi masa rowa, 3-9x40, wato mai ƙara girma sau 3 zuwa 9, na kamfani mai suna ya ishe ka, gara bindiga matsakaiciya da madubi mai kyau a kan akasin haka.

Tafiyarka ta gaba, ka ce wa mai gonar tun daga nan ya tanadar maka .243 da .270 da .308, da .22 in yana da ita. Ka fara da .22 ɗin har hannunka ya zauna, sannan kowace babba ka harba biyar-biyar a mita 100, ba a kan benci kawai ba, a tsaye kan sandunan nan uku da ake ɗora bindiga, don a haka za ka harbi dabba. Ka sa ya yi maka gwajin ɗura babu komai. Wadda ta tara maka biyar ɗin a cikin faɗin tafin hannu ba tare da idonka ya rufe ba, ita ce taka. In .270 ce, shi ke nan mun daidaita. In .243 ce kawai ta zauna maka, ka ɗauke ta ka tsaya a impala da mazo, kudu ya jira sai hannu ya ƙara nuna. Ka ɗauki hoton takardun tageti ɗin ka turo min, ka rubuta nauyin dalmar da ka harba a jikin kowace.